Kullum rol ɗin uba ko maigadi ake ba ni, wai wane ne Pete Postlethwaite?

Ɗan Rigasa:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, amma sai na ɗan yi shimfiɗa.

Ina cikin wata ƙungiyar wasan kwaikwayo a nan Rigasa. Muna yin wasan daɓe a makarantu da wuraren biki, wani lokaci mu ɗauki gajeren fim da waya mu ɗora a YouTube. Ban kai shekara talatin ba, amma tun da na shiga ban taɓa fitowa a saurayi ba. In ba uban yarinya ba ne, to maigadi ne, ko boka, ko ɗan sandan da ake danƙa wa na goro. Allah ya yi ni dogo siriri, ga ƙasusuwan kumatu a waje, ga sanƙo ya fara leƙowa. Da an zo rabon rol sai darakta ya dube ni ya ce, "Kai ai fuskarka ta riga ka tsufa," a miƙo mini dara da carbi da audugar da za a manna mini a haɓa. Abokina da muka shiga tare shi ne a kan fasta yanzu, har hoto 'yan mata suke roƙonsa in mun shiga Kasuwar Barci.

Satin da ya wuce na ce musu na gaji, in ba za a ba ni jarumi ko sau ɗaya ba zan koma kan kekena, don ni tela ne. Sai wani malamin makaranta da ke taya mu gyaran labari ya ce kafin in yi zuciya in je in nemi tarihin wani Bature ɗan Ingila, ya rubuta mini sunan a takarda: Pete Postlethwaite. Ko faɗar sunan na kasa. Na ga hotonsa, fuskar kamar na san ta, amma duk bayanin da na samu Turanci ne mai tsauri. Don Allah wanda ya san shi ya taimaka: wane ne, me ya yi, kuma ina ruwansa da matsalata? Ko dai lallashina kawai Malam yake yi don kada su rasa mai yi musu gadi?

Mai Gidan Kallo, T/Wada:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka san shi sarai, sunan ne ba ka sani ba. Ka tuna Jurassic Park na biyu, The Lost World, na 1997? Akwai wani maharbi mai sanƙo da ƙatuwar bindiga mai baki biyu, wanda ya ce kada a biya shi ko sisi, ladansa kawai a bar shi ya farauci namijin babban dodon. To shi ne. Roland Tembo sunansa a fim ɗin.

Lokacin da nake da gidan kallo, zamanin kaset, yara ba su damu da sunan jarumin fim ɗin ba, amma kowa ya san "maharbi". Gardama ake yi a kan benci, wannan ya ce bos ne, wancan ya ce ina, ai bos ba ya da mutunci haka. A ƙarshe ya kayar da dodon, da allurar barci ma, don an zare masa harsasai, amma amininsa Ba'indiye ya mutu a dajin. Aka yi masa tayin babban aiki ya ƙi, ya juya ya yi tafiyarsa. Daga nan labari ya koma birni, kuma wallahi daga inda ya fita ne ake fara tashi sayen gyaɗa.

Ka nemi The Usual Suspects na 1995 ma. A can lauya ne, sunansa Kobayashi: suna na Japanawa, fuska ta Bature, harshe kamar na Ba'indiye. Ba ya ɗaga murya ko kaɗan, amma ya shigo ɗaki ya sami riƙaƙƙun ɓarayi biyar, ya ajiye musu jaka ya fita, duk suka yi laƙwas. Sauran tarihin sai manya, ni kallo na sani.

Baba Mai Ritaya, U/Sarki:

Ɗana, malamin nan bai yaudare ka ba. Ni a sashen wasan kwaikwayo na gidan talabijin na yi aiki har na ajiye, kuma a bayan kyamara, saboda haka idona ya saba zuwa kan mutanen gefe fiye da wanda aka haske da fitila. Mutumin nan na daɗe ina bin aikinsa. Gyara zama.

An haife shi ranar 7 ga Fabrairu 1946 a Warrington, wani garin masana'antu tsakanin Libaful da Mancesta. Shi ne auta cikin 'ya'ya huɗu, gidan talakawa 'yan Katolika. Ubansa ya yi sana'ar haɗa gangunan katako, ya kuma yi aikin kula da ginin makaranta, kusan dai maigadin nan da kake rainawa. Shi kansa da alli ya fara. Ya yi kwalejin horon malamai, ya koyar da wasan kwaikwayo a wata makarantar coci a Mancesta, sai da ya kai shekara 24 sannan ya tafi makarantar 'yan wasa ta Bristol Old Vic. A can ma fuskar aka fara tankawa, shugaban makarantar ya kwatanta ta da ƙofar da aka gina da dutse. Sunan kuma aka ce ya canza, abokai suna tsokanarsa wai babu gidan wasan da zai rubuta shi da ƙwayayen fitila a bakin ƙofa, kuɗin wuta zai karya su. Ya ƙi. Da haruffansa 13 ya yi suna, da su aka binne shi.

Daga makaranta sai daɓe. A shekarun 1970 yana gidan wasa na Everyman a Libaful, ƙaramin wuri ne, amma dubi waɗanda suka taru a ciki: Julie Walters, Bill Nighy, Jonathan Pryce, Antony Sher. Duk lokacin ba wanda ya san su. Har kaya suke lodawa a mota su je su yi wasa a mashaya da kulob ɗin ma'aikata. Ku da kuke wasa a wurin biki kun san irin wannan taro, mutumin da bai biya kuɗin kallo ba, kuma ba don kai ya zo ba. In ba ka riƙe shi a minti na farko ba ya koma hirarsa. A shekarun 1980 kuma ya shiga Royal Shakespeare Company, inda ƙungiya ɗaya take riƙe wasanni da yawa a lokaci guda, yau kai bafade ne, gobe soja, jibi wawan sarki. Kusan shekara 20 ya yi a haka kafin duniya ta san fuskarsa.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, tunda kukanka a kan rol ɗin uba ne. Finafinai biyu suka ɗaga mutumin nan, kuma a duka biyun uba ya fito.

Na farko Distant Voices, Still Lives, na 1988, wanda Terence Davies ya shirya a kan gidansu a Libaful. Uban gidan mugu ne, mai dukan mata da 'ya'ya. Da irin 'yan wasanmu ne, da sun zare ido tun daga fitowar farko har ta ƙarshe, su yi ta huci. Shi bai yi haka ba. Akwai wurin da daren Kirsimeti ya lallaɓa ɗakin yaran suna barci, ya rataye musu 'yar kyautarsu, ya tsaya yana kallonsu, ya sa musu albarka a hankali, har ka ce ai mutumin kirki ne aka yi wa ƙazafi. Kashegari an zauna cin abinci, kowa ya yi shiru, sai ka ga jikinsa ya fara rawa. Ya miƙe ya fizge mayafin teburin, kwanuka da abinci duk suka watse a ƙasa, ya daka wa matar tsawa ta zo ta kwashe. Tsoron da ke cikin fim ɗin daga albarkar daren jiya ya fito, domin yaran ba su san wanne daga cikin ubannin biyu zai shigo gida yau ba. Duk wanda ya tashi a irin wannan gida, ko a Tudun Nufawa ne, ya gane.

Na biyu In the Name of the Father, na 1993, na Jim Sheridan. Labarin gaske ne. A Oktoba 1974 ƙungiyar IRA, ta 'yan tawayen Ireland ta Arewa, ta sa bam a mashaya a garin Guildford, 'yan sanda suka kama wasu matasa huɗu da ba su ji ba ba su gani ba, cikinsu har da Gerry Conlon ɗan Belfast. Ubansa Giuseppe, mutum mai ciwon huhu, ya tsallako Landan don ya nema wa ɗansa lauya. Shi ma aka haɗa da shi, aka yanke masa shekara 12. A kurkuku ya mutu a Janairu 1980. Sai a 1989 aka saki ɗan, a 1991 kotu ta wanke uban, yana kabari. Daniel Day-Lewis ne ya fito a ɗan, Postlethwaite uban. Masu fim sun haɗa su ɗaki ɗaya a kurkuku, abin da bai faru a zahiri ba, amma da ba su yi hakan ba da ba mu ga abin da muka gani ba.

Ka san tazarar da ke tsakanin su biyun? Shekara 11 kacal. An haifi Day-Lewis a 1957. Ba auduga a haɓa, ba sanda, ba rawar murya irin ta tsohon wasan yara. Da numfashi ya tsufa. Ka lura da shi in zai yi magana mai tsawo, sai ya tsaya a tsakiya ya nemi iska, kafaɗunsa sun ɗan ranƙwafo kamar ƙirjin ne yake karewa. Ɗan yana ta tsalle yana zage-zage, yana tuno masa duk abin da ya riƙe shi da shi tun yana yaro, shi kuwa yana tsaye yana kallonsa, bai rama ba, bai kuma sunkuyar da kai ba. Da dare ya ɗauko carbinsa na coci, ɗan yana yi masa dariya. A hankali kai mai kallo za ka gane wanda kake ɗauka rago shi ne ya fi kowa taurin rai a gidan yarin, shi ne ke ta rubuta wasiƙun neman a sake duba shari'ar. Ranar da ya mutu fursunoni suka riƙa cinna wa takardu wuta suna sakowa ta tagogi. Na ga ƙattin ma'aikata sun share ido a wurin nan. Wannan rol ya sa aka sa sunansa a takarar Oscar ta 1994. Tommy Lee Jones ne ya ɗauka, amma daga ranar wayar Postlethwaite ba ta sake hutawa ba. Yana da shekara 47 lokacin da fim ɗin ya fito.

To ka gani, a takarda duka biyun "uba" aka rubuta. In darakta ya ce maka ka fito a uba, bai gaya maka komai ba tukuna. Wane uba? Me yake ci, me yake tsoro, wa yake bi bashi, wa ke binsa? Yana ƙin saurayin 'yarsa don talaka ne, ko don ya san uban yaron tun suna samari? Matsalar wasanninmu, uba ɗaya ne muke ta maimaitawa: ya zauna a tabarma, ya ja carbi, ya ce "na yanke hukunci". In kai ma shi kake yi, dole ka gaji, mu ma masu kallo mun gaji. Wannan audugar kuwa ka roƙe su su bar ta.

Abin da ya biyo baya ba sai na ja ba. A 1996 limamin coci ne a Romeo + Juliet tare da Leonardo DiCaprio, kuma a cikin taron nan shi ne kake jin baitin Shakespeare yana fita da ma'auninsa, aikin daɓe bai ɓace ba. A 1997 Steven Spielberg ya sa shi a finafinai biyu, na dodannin da Mai Gidan Kallo ya faɗa, da Amistad, labarin bayin da suka ƙwace jirgi a 1839, inda ya fito a lauyan gwamnati mai neman a hukunta su. Spielberg ya kira shi ɗan wasan da ya fi kowa a duniya. Da aka kai masa labari sai ya mayar da abin raha, ya ce ƙila cewa aka yi shi ne yake ganin ya fi kowa. Bai koma Amurka da zama ba, a ƙauye ya zauna a yankin Shropshire da matarsa da 'ya'ya biyu. Ya sami lambar girmamawa ta OBE a 2004. Ya yi fama da ciwon daji a 1990 ya tashi, wani ciwon dajin daban ya kama shi a 2009, ya rasu ranar 2 ga Janairu 2011 yana da shekara 64.

Mu ma nan Kaduna ba baƙin irin wannan ba ne. Marigayi Kasimu Yero, Allah ya jiƙansa, da ya rasu a 2017, ka tambayi duk wanda ya kalli Cock Crow at Dawn, ko ɗan Legas ne, zai ce maka Uncle Gaga. Ba a kansa aka gina labarin ba.

Ɗan Kakuri:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma kun tsallake wanda ni ya fi taɓa ni, Brassed Off na 1996. Garin masu haƙar kwal ne a arewacin Ingila, gwamnati za ta rufe ramin, shi kuma shi ne shugaban 'yan badujalar ma'aikata, Danny. Mutane suna lissafin kuɗin sallama, gidaje suna watsewa, ɗansa na cikinsa masu bin bashi sun kwashe masa kayan ɗaki, shi ko ba abin da ya dame shi sai a zo gwajin busa a kan lokaci. Yana tari yana ɓoye hankicin don kada a ga baƙin da ke fita. Da ya faɗi aka kwantar da shi, sai 'yan badujalar suka zo da dare suka tsaya a harabar asibiti da fitilun hulunansu na rami suka busa masa. A ƙarshe sun ci gasa a Royal Albert Hall a Landan, ya hau ya ƙi karɓar kofin, ya gaya wa manyan da ke zaune abin da aka yi wa garinsu. An gina labarin a kan garin Grimethorpe, wanda aka rufe raminsa a 1993. Duk wanda ya tashi a Kakuri ya ga yadda layin kekuna da jiniyar canjin aiki suka ɓace bayan masaƙu sun tsaya, ba ya buƙatar fassara.

Amma fa ina da ja a kan shawarar. Baba, shekara 20 ɗin nan da ya yi a daɓe, albashi yake ɗauka. Ƙarami ne, amma duk sati yana zuwa. Suna da ƙungiyar 'yan wasa, Equity, tun 1930, mai tsayar da mafi ƙarancin abin da za a biya mutum. Gidajen wasan kuma hukuma tana tallafa musu. Wato ɗan gefe zai iya yin haƙuri don haƙurin yana da abinci a ciki. A nan fa? Jarumi ne ke samun talla, shi ake gayyata biki, shi 'yan siyasa ke nema. Mai fitowa a uba ana sallamarsa a lokeshin da abin da bai wuce kuɗin mota da cefanen kwana biyu ba. Kowa ya tuna ƙurar da ta tashi a 2022 da Hajiya Ladin Cima ta faɗa a hirar BBC Hausa cewa 'yan dubbai kaɗan ake ba ta, wasu furodusoshi suka fito suka musanta, aka yi ta cacar baki. Ko wa ke da gaskiya, tambayar tana nan: wa ya taɓa gina gida da rol ɗin uwa ko uba?

Saboda haka Ɗan Rigasa, ka koyi duk abin da Baba ya ce, amma kada ka saki reshe ka kama ganye. Keken ɗinkin nan shi ne albashinka na sati. Kuma dalilin da ya sa kake son jarumi, mu faɗi gaskiya, ba fasaha ba ce kawai, har da hoton Kasuwar Barci. Ba laifi ba ne.

Maman Hanifa, Barnawa:

Sannunku da hira. Ni adabin Turanci nake koyarwa a sakandare, ta wajen Shakespeare na san shi. Baba, a gafarce ni, amma yadda kuka ba da labarin sai yaron nan ya ɗauka mutumin ya yarda da zaman gefe ne har ya mutu. Ba haka ba ne. A fim ne ake ajiye shi a gefe. A daɓe ya nemi manyan rol kuma ya samu. Ya yi Macbeth a ƙarshen shekarun 1990, kuma a 2008, yana da shekara 62, ya koma Everyman ɗin da ya fara ya yi Sarki Lear, wanda kowane tsohon ɗan wasa a Ingila yake mafarki. Masu sharhi ma ba duka suka yaba da shirin ba, wasu sun soki yadda darakta ya tsara shi, amma dai ya yi, aka kuma kai wasan Landan a 2009. Danny ɗin da Ɗan Kakuri ya kawo ma ai shi ne ƙashin bayan fim ɗin. Don haka ƙanena, neman jarumi ba rashin godiya ba ne. Abin da zan ce, ku daina rubuta labarin da jaruminsa dole sai saurayi mai neman aure. Ku rubuta wanda uban ne ko maigadin ne tsakiyar labari, ka ga wa za a ba.

Wasu biyu kuma da suka shafe mu. The Constant Gardener na 2005, a kan kamfanin magani da ke gwaji a jikin talakawa a Kenya. Shi ne likitan da ya san sirrin, ya gudu ya ɓuya a sansanin agaji a Sudan, sai can wajen ƙarshe yake fitowa. Wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau da gwajin maganin Trovan a kan yara, zai kalle shi da wani ido daban. Sai The Age of Stupid na 2009, inda ya fito a wani tsoho shi kaɗai a shekarar 2055 yana duba tsofaffin hotuna yana tambayar me ya hana mutane tsayar da sauyin yanayi. A cikin hotunan har da wata budurwa 'yar Neja Delta mai son karatun likita. Ranar buɗe fim ɗin ya gaya wa ministan makamashi na lokacin, Ed Miliband, a gaban jama'a, cewa zai mayar da OBE ɗinsa in aka amince da sabuwar tashar lantarki mai aiki da kwal a Kingsnorth. Mutumin da ya sa mutane kuka a kan rufe ramin kwal ke nan fa.

Baba Mai Ritaya, U/Sarki:

Malama, Lear ɗin nan ai uba ne shi ma, mai 'ya'ya mata uku da rabon gado. Kin ga ko da ya kai ƙololuwa bai fita daga gidan ba. Amma maganarki ta a sauya irin labarin da ake rubutawa, na sa hannu. Malamin da ke gyara musu labari shi ya kamata a tura wa wannan.

Ɗan Kakuri, ban ce ya sayar da keke ba. A zamaninmu ma yawancin waɗanda kuke gani a akwati suna da aikinsu, wani malami, wani ma'aikacin rediyo, wani ɗan kasuwa. Marigayi Samanja, Usman Baba Pategi, sai da ya yi soja na gaske, kuma barikin da ya sani ne ya kawo mana, shi ya sa ba wanda ya iya kwaikwayonsa. Shagon tela kuwa ban san inda ya fi shi tara ubanni ba. Mai kawo ɗinkin Sallar yara bakwai yana neman ragi, mai zuwa karɓar kayan 'yarsa da za a aurar yana ƙirga abin da ya rage a aljihu, mai faɗa a kan aljihun da aka sa masa a hagu. Ɗana, kana zaune a cikinsu kullum, kallonsu ne ba ka yi.

In kana son ganin abin da mutum zai iya yi da 'yan mintoci, ka dubi aikinsa na 2010, lokacin ciwo ya riga ya cinye shi. A Inception attajiri ne a gadon mutuwa, 'yan kalmomi kawai ya furta, amma duk wahalar da jaruman suke sha a fim ɗin a kan abin da ke tsakaninsa da ɗansa ne. A The Town na Ben Affleck kuma mai sayar da furanni ne a Boston, wanda a ɓoye shi ke juya 'yan fashin banki. Ga shi a rame, riga ta yi masa yawa. Jarumin ya zo ya ce shi ya daina aiki. Bai tashi ba, bai kira yaransa ba. Yana riƙe da 'yar wuƙa yana gyara furen wardi, yana gaya wa yaron yadda shi da kansa ya lalata uwarsa da ƙwaya, da muryar da za ka yi cinikin albasa da ita. Hannun bai daina aiki ba har ya gama. An sa sunansa a takarar BAFTA, kyautar finafinai ta Birtaniya, a kan wannan, sanarwar ta fito bayan ya rasu.

Abin da zan ba ka ka gwada a gwajinku na gaba: in an ba ka maigadi, ka nemo masa abin da hannunsa zai riƙa yi. Gyaran tocila, ɗaurin rediyo da roba, ɓare goro. Ka faɗi maganarka ba tare da ka daina ba, kuma kada ka kalli mai gidan sai a kalma ɗaya da ka zaɓa. Ka sa wani ya ɗauka da waya, ka kalla, ka turo mana nan.

Mai Gidan Kallo, T/Wada:

Ɗan Rigasa, in za ka nema, fara da na kurkukun, sannan na badujala. Turancin Belfast da na 'yan kwal yana da wuyar kamawa, ka nemi mai rubutu a ƙasa. The Town kuma akwai harbi da ashar sosai, kada ka kunna shi a shago yara suna nan. In ka shigo Tudun Wada da memori ka yi mini magana ta akwatin saƙo, ina da uku daga ciki.